Giyar Keke Mai Araha a Hannun Gwani

Keke mai giya 21 ya daɗe da zama ɗan gari a wurinmu. Wasu gwanjo ne da aka sha hawa a Turai ko Amurka kafin su ƙetaro teku, wasu kuma sababbi ne fil daga masana'antun ƙasar Sin. Kamanninsu ɗaya ne: taya mai kauri da ƙuraje, miƙaƙƙen kai, faranti uku masu haƙora a wajen feda, bakwai a cibiyar tayar baya. Don hawan tudu da gangara a hanyar duwatsu aka ƙera su, amma a nan su ke kai yara makaranta, su kai magidanci gona ko kasuwa. Sai dai duk wanda ya tsaya ƙofar makaranta lokacin tashi ya zuba ido zai ga abin takaici. Da yawa daga kekunan nan da giya ɗaya suke tafiya. Madannin ya daskare, wayar ta tsinke an naɗe ta a jikin ƙarfe, wani ma an cire masa kayan giyar ɗungurungum an datse sarƙa, ya koma sahun Raleigh da Phoenix na iyayenmu. In ka tambayi mai keken, amsar ba ta wuce: "Ai giyar 'yar araha ce, ba ta ɗaukar gyara."

Ban yarda da wannan magana ba. Akwai masu gyaran keke, ba su da yawa amma akwai su, waɗanda in suka sa hannu a wannan giyar da aka raina sai ta riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, babu gardama babu kuka. Ba su musanya ta da mai tsada ba. Abin da suka sani ne ya bambanta su da sauran, kuma sanin nan ya isa a tsaya a dube shi da idon girmamawa.

Keke ba shi da akwatin giya irin na mota. Sarƙa ce ake turewa gefe tana cikin gudu, daga wani faranti zuwa na kusa da shi. Abin da ke ture ta wani ɗan hannu ne da ke rataye a ƙarƙashin farantan baya, mai 'yan ƙananan tayoyi biyu da sarƙar ke ratsawa. Mu kira shi masauyi. Waya ce ke jan sa ciki, wajen manyan faranti masu sauƙin tuƙi, sifirin ɗin jikinsa kuma ya mayar da shi waje, wajen ƙananan faranti masu gudu. Masauyin bai san inda farantan suke ba. Duk lissafin yana can cikin madannin da ke kan keke, wanda kowace dannawa take ja ko sakin waya da wani ƙayyadadden tsawo. A tsarin Shimano mai faranti 7, daga tsakiyar wani faranti zuwa na gaba milimita 5 ce. Dannawa ɗaya tana jan waya kusan milimita 2.9, masauyin ya ninka wannan jan sau 1.7, sai ya sauka daidai inda ake so. A mai faranti 8 tazarar 4.8 ce, a mai 9 kuwa 4.35. Ke nan kuskuren milimita ɗaya a waya, wanda ido ba zai ko kula da shi ba, ya kai sarƙa kusan sulusin hanya zuwa farantin maƙwabci. A cikin wannan ɗan taƙi mai gyaran yake aikinsa, a gindin bishiya, keken a kife ko a rataye da igiya.

Dabarar da ke jikin wannan ƙarfen ba ta araha ba ce ko kaɗan. Sai a 1937 aka bar manyan mahayan gasar Tour de France su yi amfani da masauyin giya, kuma shekaru da dama bayan haka mahayi ne ke jan 'yar sanda a hankali yana saurare har sarƙa ta zauna. A 1964 Nobuo Ozaki na kamfanin SunTour a Japan ya karkatar da gaɓar masauyin ta yadda zai riƙa bin gangaren farantan, ƙaramar tayarsa ta sama tana kusa da haƙora ko a babban faranti ko a ƙarami. Haƙƙin mallakar wannan fasaha ya ƙare a 1984, kuma a wannan shekarar Shimano, kamfanin da Shozaburo Shimano ya kafa a 1921 a garin Sakai kusa da Osaka, ya fito da tsarinsa na dannawa ɗaya giya ɗaya a kan kayan tsere na Dura-Ace. A 1989 ya ƙara da Hyperglide, wato sassaƙa haƙora da 'yan matakai a gefen faranti don su ɗauki sarƙa su ɗora ta sama. A daidai wannan zamani keken dutse yake tasowa, daga matasan yankin Marin na California irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, waɗanda suka riƙa gangarowa daga tsaunin Tamalpais da tsofaffin kekuna a shekarun 1970, har zuwa Stumpjumper na kamfanin Specialized a 1981. Duk waɗannan dabaru sun gangaro a hankali har suka iso kayan da ke ƙasan jeri. Kafin 2023, jerin Shimano na keken dutse ya fara ne daga Tourney, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, ya tuƙe a XTR, kuma Tourney ɗin da ke rataye a keken ɗan makaranta yana ɗauke da karkatacciyar gaɓar nan ta Ozaki.

To ina arahar take? Tana cikin kayan ƙira. Inda mai tsada yake da alminiyam da boris, mai araha yana da falle-fallen ƙarfe da roba. Gaɓoɓinsa suna saurin yin lako-lako, sifirin ɗinsa ba shi da ƙarfi sosai, ya kuma fi nauyi. Ga jabu a kasuwa masu ɗauke da sunan da ba nasu ba. Amma yana da wata rahama tasa: farantansa suna da tazara, sarƙarsa tana da kauri, don haka ya fi giyar zamani mai faranti 12 haƙuri da ƙura da ƙaramin kuskure. Gwani ya san wannan, shi ya sa masauyi ne abu na ƙarshe da yake zargi. Mafi yawan lokaci laifin yana wani wuri.

Da abin da mutum ya fara taɓawa ake gane ko gwani ne. Ɗan koyo yana jin an ce giya tana tsalle sai ya rarumi sukundireba ya hau murɗa notuna. Gwani kuwa tsugunawa yake yi a bayan keke, ya rufe ido ɗaya, ya dubi farantin da sarƙa ke kai da 'yan tayoyin nan biyu, ya ga ko suna kan layi ɗaya a tsaye. Abin da yake bincika shi ne maratayi, ɗan guntun ƙarfen da masauyin yake ɗaure a jikinsa. A kekunan alminiyam da gangan ake yin sa mai taushi, don in keke ya faɗi ta dama shi ya lanƙwashe, uwar jikin keken ta tsira. Keken gwanjo da aka jibga wani kan wani a kwantena, ko na yaro da ake yarwa a tsakar gida, da wuya a same shi da miƙaƙƙen maratayi. Alamarsa sananniya ce: in an saita giya ta yi daidai a ƙananan faranti sai ta rikice a manya, in an bi manyan sai ƙananan su ɓaci. Ko kwana za a yi ana murɗe-murɗe ba za ta daidaita ba.

Akwai kayan aiki na musamman don wannan, doguwar sanda da ake ɗaurawa a ramin maratayin ana auna ta da bakin rim sama da ƙasa, gaba da baya. Ba kowane shago ke da ita ba, kuma a nan ne nake ganin wata hikima da ke burge ni ƙwarai. Tiredin ramin maratayi, milimita 10 mai taku 1, iri ɗaya ne da na sandar cibiyar tayar baya ta kekuna da yawa. Sai mai gyara ya kwance masauyin, ya ɗauko wata tayar baya miƙaƙƙiya, ya murɗa sandarta cikin ramin. Ga tayoyi biyu kafaɗa da kafaɗa. In maratayin daidai yake, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce ta kowane gefe. In ya karkace, faɗin tayar zai ninka ɗan karkacewar har kowa ya gani. Da tayar ce kuma zai danna a hankali ya miƙe shi. A hankali nake cewa, domin alminiyam ba ya jure a kai shi a dawo da shi, karyewa yake yi. Gwani ba ya taɓa kama masauyin da kansa ya fizga, don hakan gaɓoɓinsa yake buɗewa. Kafin ya bar wurin zai girgiza tayar bayan keken ya juya sandarta. Yawancin kekuna masu araha farantansu na baya dunƙule ɗaya ne da ake murɗawa a jikin cibiya, kuma a wannan ƙira boris ɗin dama yana zaune can ciki, ya bar doguwar sanda ba tallafi. Tana lanƙwashewa, musamman in ana ɗora kaya ko goyo, kuma farantan da ke rawa ba a saita musu giya.

Daga nan sai waya, inda nake ganin aka fi cutar kekunan nan. Wayar giya da wayar birki ba ɗaya ba ne, rigunansu ma haka. Ta giya siririya ce, kamar milimita 1.2, ta birki kuwa ta kai 1.5 ko 1.6. Rigar wayar birki naɗaɗɗen ƙarfe ne a ciki, yana matsewa kaɗan in an ja. Rigar wayar giya, mai kaurin milimita 4 galibi, siraran ƙarafa ne a jere a tsaye, tsawonta ba ya canzawa. Wanda ya sa rigar birki a giya don ita ce a kusa ya zubar da wani ɓangare na milimita 2.9 ɗin nan tun kafin ta isa baya. Gwani yana kama wayar a inda take tsirara ya ja da yatsa, ya saki, ya ji yadda take komawa. In giya tana hawa manyan faranti lafiya amma tana jan ƙafa wajen saukowa, ba ya ko duban notuna. Ya san ƙurar hunturu ko tsatsar damina ce ta cika 'yar lanƙwasar rigar da ke shiga masauyi, sifirin mai rauni kuma ya kasa janyo wayar. Zai yanka sabuwar riga a daidaice, ya buɗe bakinta da tsinken taya da ya wasa, ya sa mata hulunanta. Wajen ɗaure wayar zai nemi ɗan kwarmin da aka tanadar mata a ƙarƙashin noti, domin in ta bi ta ɗaya gefen, tsawon hannun da take ja ya canza, lissafin 1.7 ya rushe. Wannan ƙaramin kuskure ya sa an zubar da lafiyayyun masauya ba adadi.

Sai yanzu sukundireba ke fitowa. Ƙananan notuna biyu ne, ɗaya da harafin H ɗaya da L, kuma aikinsu iyaka ce kawai: H yana hana sarƙa faɗawa waje bayan ƙaramin faranti, L yana hana ta wuce babba. Ba ruwansu da giyoyin tsakiya, ko da yake su aka fi azabtarwa da murɗi. Na L batun lafiyar mutum ne. In ya yi sako-sako, masauyi zai shiga tsinkayen taya ana cikin hawan tudu, ya naɗe, maratayi ya karye, mahayi ya sha ƙasa. Saboda haka gwani ba ya yarda da madanni a nan. Da babban yatsa yake tura masauyin iya ƙarfinsa yana juya feda, sai ya tabbata sarƙa ta hau babban faranti ta tsaya cak. Kan notunan nan an yanka shi ne bisa ma'aunin Japan, kuma sukundireba mai bakin tauraro da aka saba da ita tana zamewa ta cinye shi, don haka za ka ga tsohon hannu yana da wata guda da ya goge bakinta, ba ya ba yaran shago aro.

Abin da ya rage na kunne ne. A inda waya ke shiga masauyi, ko a jikin madanni, akwai ɗan mamurɗi da ake juyawa da yatsu. In an warware shi waya ta ƙara tsauri, in an mayar ta sassauta. Mai gyara zai sa sarƙa a ƙaramin faranti, ya danna sau ɗaya. In ta ƙi hawa na biyu, ya warware rubu'in zagaye, ya sake gwadawa. In ta hau, ya ci gaba da ƙara tsauri har ya ji ta fara gogar faranti na uku, sannan ya koma baya kaɗan-kaɗan har ƙarar ta ɗauke. Yadda mai gurmi yake ɗaure tsirkiya yana kaɗawa yana saurare, haka yake yi, kansa a karkace, idonsa ma ba ya kan keken. Yana rarrabe ƙarar sarƙar da ke son hawa da ta wadda ke son sauka, da gurnanin 'yar tayar sama in ta matsu da babban faranti. Wannan na ƙarshe aikin noti na uku ne, wanda ke ja da masauyi baya har a sami tazarar milimita 5 zuwa 6. Yana da muhimmanci a farantan MegaRange masu haƙora 14 zuwa 34, inda sarƙa ke tsallakawa daga haƙora 24 zuwa 34 a taki ɗaya.

Masauyin gaba ba ya son dogon bayani, haƙuri yake so: kejinsa ya tsaya milimita 1 zuwa 3 a saman babban faranti, ya kuma yi layi ɗaya da shi. Shi ne ɓangaren da masu ƙira suka gaji da shi. Tun da SRAM ya fito da XX1 mai faranti ɗaya a gaba a 2012, salon yake gangarowa, har kamfanin microSHIFT na Taiwan ya kawo Advent a 2019, mai faranti 9 daga haƙora 11 zuwa 42, a farashin da mai keken farko zai iya. Dama giya 21 ɗin nan suna ne. Da yawa maimaici ne, wasu kuma suna karkatar da sarƙa daga kusurwa zuwa kusurwa. Wanda ke tuƙi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Kano, farantin tsakiya ya ishe shi. Na Jos ne zai san amfanin ƙaramin.

Kalmar da masu keke ke zuwa da ita ɗaya ce, "tana tsalle", amma tsalle iri-iri ne, kuma rarrabe su shi ne ƙololuwar sana'ar. Wanda ke zuwa a kan ƙa'ida, bayan kowane zagaye uku ko huɗu na feda, gaɓa ɗaya ce ta sarƙa ta ƙage. A juya feda baya za a ga 'yar tayar ƙasa ta yi zillo in ta iso. Wanda sarƙa ke kai-kawo tsakanin faranti biyu, saiti ne ko maratayi. Wanda kuwa ba ya zuwa sai an taka da ƙarfi, kuma a farantin da mai keken ya fi so, haƙora ne suka cinye. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da ta gaba rabin inci ne, milimita 12.7, don haka cikakkun gaɓoɓi 12 inci 12 ne cif a sabuwa. In ma'auni ya nuna ƙarin kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ya kai ɗaya cikin 8, ta riga ta ci farantan, kuma sabuwar sarƙa a kansu tsallen da za ta yi ya fi na tsohuwar. Mai gyara na kirki yana faɗin wannan kafin a sayi kaya. Yana kuma faɗa da al'adar kwarara baƙin man inji a sarƙa, domin in ya haɗu da yashi abin da yake yi wasa ƙarfe ne. Wanki da kananzir, ɗigon mai mara kauri a kowace gaɓa, a goge na waje da tsumma, ya wadatar.

In har sai an sayi wani abu, shawararsa takan ba mai keke mamaki: waya da riga tukuna, sai sarƙa, masauyi daga ƙarshe. In ma masauyin ne ya mutu, ya san abin da ke auren wani. Masauyan baya na Shimano na keken dutse daga faranti 6 zuwa 9 ninkin jansu ɗaya ne, saboda haka tsohon Alivio ko Deore na gwanjo zai yi aiki da madanni mai 7, ya kuma fi sabon jabu daɗewa. Madanni ne dole yawan dannawarsa ya dace da farantan. Na SRAM irin su X4 da X5 sun fi jan waya da yawa, ba sa jituwa da na Shimano. Daga faranti 10 Shimano ma ya canza ninkin a kayan dutse, haka kuma CUES da ya fito da shi a 2023 don maye gurbin yawancin Altus da Acera da Alivio yana da nasa lissafin daban, kuma ba da daɗewa ba irinsa za su fara bayyana cikin gwanjo. In kaya sun ƙi haɗuwa sam, akwai tsohon madanni mara ƙas-ƙas da ake turawa da babban yatsa, wanda ba ruwansa da yawan faranti, kunnen mahayi ne ma'auninsa.

Giyar da ta yi kyau a rataye ba lalle ta yi kyau a ƙasa ba, don nauyin mutum yana ɗan lanƙwasa komai. Shi ya sa gwani ke hawa keken da kansa, ya nemi ɗan tudu, ya bi giyoyin sama da ƙasa yana takawa da ƙarfi, ya dawo ya ƙara ko ya rage rubu'in zagaye. Sannan ya juya ga mai keken, wanda sau da yawa yaro ne da mahaifinsa ya tara kuɗi ya saya masa. "Samari, in za ka canza, sassauta ƙafa amma kada ka daina juyawa. Kada ka danna keke yana tsaye. Ka sauya tun kafin ka shiga tudu. In za ka kwantar da shi, kwantar ta hagu." Yaron ya ce, "To, Baba." Sai ya ƙara masa da cewa ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu, domin sabuwar riga za ta gama zama a mazauninta, waya ta ɗan saki, giya ta fara jinkirin hawa, kuma gyaran wannan murɗi ɗaya ne da zai nuna masa yadda zai riƙa yi da hannunsa.